Yadda ake gano ajiyar jiyokashin da aka ɓoye da wayo in tafiya ta bi da kai ƙauye

Tunda na sa hoton ƙwallon goribar nan a sitatus mutane ke ta tambayata wai mene ne wannan wasan da ke kai mu daji da rana tsaka, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Sunansa jiyokashin. Wani ne zai ɓoye ɗan mazubi a wani wuri, a ciki akwai takardar sa hannu, ya ɗauki lambobin GPS na wurin ya ba mutane, kai kuma ka bi lambobin da wayarka har ka gano, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar yadda ka tarar. A Amurka aka fara shi, a watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatinsu ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji a jihar Oregon ya sa lambobin a intanet don ya gwada ko za a gano, aka kuwa gano. Yanzu akwai irin waɗannan ajiyoyi sama da miliyan 3 a duniya. A nan wajenmu waɗanda aka yi wa rajista ba su da yawa, shi ya sa mu ƴan tsiraru a Sakkwato muke ɓoye wa juna mu tura lambobi ta WhatsApp, amma dokokin wasan na asali muke bi.

Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu: waya ba ta gano ajiya. Iyakarta ta kai ka kusa, kamar taku goma zuwa sha biyar. Daga nan aikin ido ne da haƙuri da kuma yadda ka yi da mutanen da ka tarar a wurin.

Tun kafin ka bar gida ka gama da waya. GPS ba ya buƙatar data ko sabis, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye, amma taswira tana buƙata, kuma da ka saki kwalta ka shiga hanyar burji sabis zai fara wasa da kai. Don haka ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gari, in kana amfani da manhajar Geocaching ko c:geo ta Android ka ajiye bayanin ajiyar a cikin waya, sannan ka kwafe lambobin da biro a takarda ka sa aljihu. Waya kan ɗauki zafi ta mutu a ranar Sakkwato ko da da caji, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, takarda kuwa ba ruwanta.

Maganar lambobi kuma a nan na taɓa shan wahala. Ƴan jiyokashin suna rubuta su da digiri da minti, misali N 13° 03.600, shi kuwa Google Maps ya fi nuna digiri zalla da ɗigo, wannan lambar a wurinsa 13.06 ce. Ni da na fara sai na buga 13.03600 kai tsaye ina ganin ai duk ɗaya ne, ashe na kauce da fiye da kilomita biyu da rabi, na yini ina zagaya gonar mutane a banza. Minti sittin ke yin digiri ɗaya, to ko ka raba mintin da 60 ko ka buga lambar da alamominta yadda aka turo ta. Kuma ka lura da lambar ƙarshe, kowane ɗaya a wurin kusan mita biyu ne a ƙasa, in ka rubuta 8 a maimakon 3 ka riga ka koma gindin wata bishiya daban.

Sai ka karanta bayanin ajiyar da kyau. Akwai maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya. Akwai girma, daga babba kamar bokiti har zuwa wanda ake ce wa nano, da bai fi kan ɗan yatsa ba kuma sau da yawa da maganaɗisu a gindinsa. In ba ka san girman abin da kake nema ba idonka zai yi ta tsallake shi. In akwai saƙon waɗanda suka riga ka zuwa karanta, wani lokaci mutum zai ce ƙaya ta soke shi ko wuyansa ya gaji, ka ga ya gaya maka sama za ka duba ba tare da ya sani ba.

Kayan tafiya ba su da yawa: ruwa fiye da yadda kake zato, fawa banki, biro biyu, tocila, ɗan madubi, hantsaki don zaro takarda daga ƙaramin mazubi, sanda, da takalmi rufaffe. Kar ka je da silifas, ƙarangiya da ƙayar aduwa za su hana ka sakat.

Yanzu maganar da ta fi duk sauran nauyi a wurina. Ba ko'ina ake zuwa ba. Kowa ya san halin rashin tsaro da gabashin jihar Sakkwato ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da kuma ɓangaren Tangaza da Gudu. Ba wasan da ya kai a kai rai can, mu ba ma ɓoyewa a wuraren kuma ba ma zuwa nema. Ko inda ake ganin lafiya lau ne ka tambayi direbobin tasha da safen ranar, kar ka tafi kai kaɗai, ka gaya wa wani a gida inda za ka, kuma ka tabbata la'asar ta same ka a kan kwalta. Saboda wannan halin ne ma baƙon da ya sauka daga mashin yana kallon waya yana zagaya bishiya yake tayar wa mutanen ƙauye da hankali, kuma suna da gaskiya. Wani zai ɗauka ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, wani zai ce asiri aka zo binnewa a gonarsa. Don haka kafin ka kalli bishiya ko ɗaya nemi mutane ka yi sallama, in wurin kusa da gari ne ka fara zuwa wajen mai gari ko wani dattijo, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili. A ƙa'idar wasan a waje ana son ka ɓoye abin da kake yi kada waɗanda ba sa wasan su gani, ni dai ban yarda da wannan a ƙauyukanmu ba, ɓoye-ɓoyen shi ke jawo zargi.

Bari in ba ka misali da ta goribar. Abokina ne ya ɓoye ta a hanyar da ta fita Sakkwato ta bi Bodinga ta nufi Shagari, muna kan hanyar zuwa ɗaurin aure ni da ƙanena muka ce bari mu ratse. Ya sa mata wuya 4, alamar da ya bayar kuma ita ce "a hannun wanda ke tuɓe riga da damina". Mun ajiye mashin a bakin hanya muka taka kamar minti goma, sai ga wani dattijo a inuwa yana gyaran igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya dube mu ya ce, "Ɗiyana, mi kuka biɗa nan?" Na ce, "Baba, wani abokinmu ne ya ajiye ƴar takarda a jikin itace, wasa ne na gwada ido, za mu sa hannu mu mayar." Ya yi dariya ya ce ai ya san yaron, ya zo ya nemi izni kwanaki, amma an roƙe shi kar ya nuna wa kowa kuma ba zai nuna ba. Ya ci gaba da igiyarsa yana kallonmu.

Ga yadda ake yi idan an iso. Da waya ta nuna saura mita ashirin rage sauri, kar ka yi ta bin kibiyar da ke nuna hanya a allon waya, don a kusa kibiyar juyawa take yi kamar ta rikice, yanzu ta ce gabas anjima ta ce yamma. Tsaya cik a fili inda ba rassa a kanka, ba ta minti ɗaya ko biyu ta natsu. In kamfas ɗin wayar ya karkace ka juya ta a iska kamar kana zana lamba 8, kuma ka matsa daga mashin ko duk wani ƙarfe. Sannan ka tunkari wurin daga ɓangare biyu daban, ka ja layi a ƙasa da sanda kowane karo, inda layukan suka haɗu ka ajiye hula ko dutse. Wayarka na iya kuskuren mita biyar, ta wanda ya ɓoye ma haka, to ka ɗauka abin yana cikin da'irar mita goma daga hular nan. Daga nan sa wayar a aljihu. Da gaske nake, sa ta a aljihu, yawancin waɗanda suka dawo hannu wofi allon waya suka yi ta kallo har rana ta faɗi.

Sai ka tambayi kanka, in ni ne zan ɓoye a nan ina zan sa? Dokar wasan ta taimake ka, ba a binne ajiya a ƙasa, to ba haƙa, ba tone gonar mutane, ba karya reshe ko rushe shinge. Kuma mai ɓoyewa a nan dole ya yi tunanin awaki da yara masu kiwo da ruwan damina da gara, saboda haka da wuya ya ajiye a ƙasa a fili. Duba kogon itace, mararrabar rassa, ƙarƙashin kwalbati, bayan allon ƙarfe na bakin hanya. Abin da kake nema shi ne abin da bai dace da wurinsa ba: duwatsu uku da aka jera kamar da hannu, ɓawon itace da launinsa ya bambanta, zare ko siririyar waya inda ba dalili.

Amma don Allah kar ka zura hannu a rami ko kogo. Kunama na nan, kububuwa na nan kuma launinta launin ƙasa ne sak. Fara bubbuga wurin da sanda, haska tocila, in lungu ne sa madubi ko kyamarar waya ka leƙa. In za ka ɗaga dutse ka ɗago gefen da ke nesa da kai, dutsen ya zama tsakaninka da abin da ke ƙarƙashi.

Mu dai a ta goribar, alamar da abokina ya bayar ba ta ba mu wuya ba, duk wanda ya tashi a karkara ya san gawo ne ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Matsalar gawo uku ne a cikin da'irar. Mun fi minti arba'in, mun duba kowane kogo, ƙanena har ya fara cewa a tafi kar mu rasa ɗaurin auren. Abin da ke taimakona a irin wannan lokacin shi ne in daina nema in zauna, in sha ruwa, in sauya tsayin idona, don abin da ba ka gani a tsaye kana iya ganinsa a tsugune. Ina zaune a gindin na tsakiya na ɗaga kai sai na hango ƙwallon goriba a maƙale a mararrabar reshe, daidai inda hannu zai kai in ka yi ɗage. Na riga na gan shi tun farko na wuce. Sai a lokacin na waiga na duba, babu bishiyar goriba ko ɗaya a duk filin, to me ya hau da ita kan gawo? Na taɓa ta da sanda ba ta faɗo ba, ashe an ɗaure ta da siririyar waya. An huda gindinta an rarake cikin, an cusa ƴar ƙaramar robar magani, takardar a nannaɗe kamar laya sai da hantsaki ta fito. Baba daga inuwa ya ce, "Awo, kun gane ta."

Idan ka gano, sa suna da kwanan wata, rubutu ƙanana don na bayanka su sami wuri. In babban mazubi ne mai ƴan kayayyaki a ciki kana iya ɗaukar ɗaya amma ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi, kuma ban da abinci ko alewa ko turare, ƙamshi ke kiran tururuwa da ɓeraye. Rufe murfin sosai, ka mayar daidai inda yake, kar ka ce bari in gyara masa wuri mafi kyau, lambobin na wurin farko ne. In ka ga takardar ta jiƙe ko robar ta tsage gaya wa mai ita. Hoto kuma ka ɗauka yadda ba zai tona wurin ba, ni ma sai da abokina ya janye ta daga wasa na sa nawa.

In kuma ba ka gano ba ka rubuta cewa ba ka gano ba, ba abin kunya ba ne, da haka mai ajiyar zai san ko yara sun ɗauke in mutum biyu uku suka faɗi haka a jere. Ka sa wa kanka iyaka tun farko, ni awa ɗaya nake ba kowace ajiya in ina kan tafiya, in ta cika na tafi sai wani zuwan. Kafin ka hau mashin ka tsince ledar fiya watan da kuka sha, ka koma ka yi wa mutanen wurin sallama. Mu mun bar wa Baba goro biyu, muka kama hanyar Shagari, mun isa ana shirin shafa fatiha.