Yadda Ake Rage Haɗarin Daskarewar Jini Yayin Sa Simintin Ƙashi

Simintin da ake kafa ƙarfen kwatangwalo ko na gwiwa da shi haɗin abu biyu ne: gari giram 40 da ruwan sinadarin metil metakirilet mililita 20. Da zarar an kwaɓa, yakan ɗauki zafi ya ƙame cikin kusan minti 10 zuwa 15.

A da, idan majinyaci ya shiga matsala yayin sa siminti a tiyata, ruwan sinadarin ake ɗora wa laifi. Gaskiya ne yana shiga jini kuma yana saki jijiyoyin jini, amma abin da ke shiga kaɗan ne. Babbar ɓarnar daga matsi take. Idan aka danna siminti cikin ramin ƙashin cinya, kitse da ɓargo da iska da ɓurɓushin ƙashi sukan tsere cikin jijiyoyi. Ɓargo na ɗauke da sinadarin da ke tayar da daskarewar jini, sai ƙananan gudaji su haɗu su toshe hanyoyin huhu, ɓangaren dama na zuciya ya shiga wahala. Murɗa ƙafa a lokacin aiki ma yana lanƙwasa jijiyar cinya, jini ya tsaya.

Tun kafin tiyata a ware masu rauni: tsofaffi da suka karye a kwatangwalo, masu ciwon zuciya ko huhu, da waɗanda ciwon daji ya ci ƙashinsu. A cika musu ruwan jiki yadda ya kamata.

A wanke ramin ƙashin sosai da ruwan gishiri, a busar da shi, a toshe ƙasansa da marfi. Wannan wankin bai kamata a yi masa gaggawa ba, domin duk abin da aka bari a ciki zai shiga jini. A zuba siminti daga ƙasa zuwa sama da bindigar siminti, a sa siririn tiyo mai zuƙe iska, kuma kada a matsa da ƙarfi ga mai rauni.

Likitan tiyata ya sanar da babbar murya kafin ya zuba. Likitan sa barci ya ƙara oksijin, ya ajiye adiranalin, maganin ɗaga bugun zuciya da awon jini, a kusa. Oksijin ƙasa da kashi 94, ko faɗuwar awon jini da fiye da kashi 20, alama ce ta farko ta matsala. Ƙasa da 88, ko faɗuwa da fiye da kashi 40, sai taimakon gaggawa.

Bayan aiki, maganin tsinka jini irin su enokzafarin yakan kai mako huɗu zuwa biyar ga kwatangwalo, kuma a tayar da majinyaci ya taka da wuri.