Yadda ake gano sunan ƙwaron da ke cin ganyen wake

A gonakin wake da kuɓewa na wajen Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, damina kan zo da ƙananan ƙwari masu huda ganye. Yawancinsu 'yan dangin Chrysomelidae ne, mai nau'i sama da 35,000. Kafin ka ce ga sunan wanda ke gonarka, bi a hankali.

Da farko kamo su da sassafe, kafin rana ta ɗaga su fara tashi. Kada ka tsaya kan ɗaya, ka tara da yawa, ka zuba a kwalba mai alkol kashi 70 cikin 100. Sai ka rubuta gari, kwanan wata da shukar da ka same su a kai, da fensir, don alkol na wanke tawadar biro. Wannan takarda ita ce rabin aikin. Ƙwaron da ba a san inda ya fito ba, masana ba su cika kula shi ba.

Sannan ɗauki madubin ƙara girma. Duba cinyar baya. In ta kumbura, ƙwaron kuma yana tsalle kamar ƙuma, wataƙila ɗan jinsin Podagrica ne, mai addabar kuɓewa. In a ganyen wake yake, ba ya tsalle, ka tuna da Ootheca mutabilis. Amma kada launi ya ruɗe ka, wannan ƙwaro kan zo ja-ja, kan zo da duhu. Shi ya sa masana ke fiɗe namijin su duba al'aurarsa kafin su yanke hukunci. Nan aikinka ya tsaya, kai kwalbar ofishin IRAD, hukumar binciken aikin gona ta Kamaru, ko jami'ar Marwa ko ta Ngaundere.

Rubuta sunan ma yana da ƙa'ida, tun daga littafin da masanin halittu Linnaeus ya fitar a 1758: kalma biyu, ta jinsi da babban baƙi, ta nau'i da ƙarami. Ga ƙwaron da ke cin wake a rumbu, wanda shi ma yanzu cikin wannan dangi ake lissafa shi: Callosobruchus maculatus (Fabricius, 1775). Bakan da ya kewaye sunan Fabricius, masanin da ya raɗa wa ƙwaron suna, na nuna a wani jinsi ya fara sa shi, wato Bruchus, daga baya aka mayar da shi jinsin Callosobruchus.

In masana suka tabbatar naka sabo ne, sai an buga bayaninsa, an ajiye samfuri guda a gidan adana ƙwari, kafin sunan ya zauna. In kuwa wani ya riga ya raɗa masa suna, tsohon sunan ne zai ci.