Darasi Na Tara: Yaron Da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Wata uwa ta kawo kuka a ajin yamma. Ta ce, "Malama, yaron nan nawa ya gagare ni. Na aike shi sayen gishiri da daddawa da ashana, ya dawo da ashana kaɗai, canjin ma ya yar. A makarantar allo kullum sai an zane shi. Kakarsa ta ce iska ce." Mata da yawa suka yi dariya, don kusan kowace tana da irinsa a gida.

Kafin mu ce ƙiriniya ce ko kunnen ƙashi, mu leƙa cikin kan yaron.

Duk wadda ta taɓa gyara kan rago ta ga ƙwaƙwalwa: fara, mai taushi, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta babban mutum ba ta kai kilo 1 da rabi ba, amma tana da ƙwayoyi kusan biliyan 86 masu aika wa juna saƙo. Ta jariri kamar kashi 1 cikin 4 ce na ta babba. Kafin yaro ya cika shekara 6, ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta.

Kowa ya ɗora hannu a ƙeyarsa. A nan sashen gani yake, a ƙasansa kuma akwai wanda ke daidaita tafiya don kada mutum ya faɗi. A mayar da hannu kusa da kunne: nan ne sashen ji, kuma can ciki ake adana abin da aka koya. Yanzu a dafa goshi. Sashen da ke bayan goshi shi ne linzami. Shi ke cewa "dakata tukuna", shi ke riƙe saƙon aike har a isa shago, shi ke hana yaro bin ɗan akuya alhali allo na hannunsa. Wannan sashe shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Ashe ɗan shekara 7 doki ne mai ƙarfi da linzamin zare.

A wasu yaran linzamin ya fi jinkirin ƙwari. Likitoci suna kiran wannan matsala ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma sau da yawa gado ce. Ba kowane mai rawar kai ba ne yake da ita. Sai abin ya wuce wata 6, ana ganinsa a gida da makaranta, kuma yana hana karatu ko zama da 'yan'uwa. Yarinya mai ita sau da yawa ba ta tsalle-tsalle. Shiru za ta yi, ido a kanki, hankali a wani gari, sai a ce mata sakarya.

Mu a Zamfara akwai abin da ya wajaba mu daɗe a kansa, wato gubar dalma. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa, ƙurarsa ta bi ƙasa. Yaro mai rarrafe ya taɓa ƙasa ya sa hannu a baki. Waɗanda suka rasu an ƙirga su. Waɗanda suka rayu kuwa, dalma tana iya barin su da mantuwa da rashin natsuwa da nauyin fahimta, ba tare da zazzaɓi ko wata alama a jiki ba. Ko kaɗan ce tana ɓarna. Don haka kada a daka dutse a gida. Maigida in ya dawo daga wurin haƙa, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro, a wanke kayan aikin daban. Kwallin dutse ma sau da yawa yana da dalma, gara a bar idon jariri haka nan.

Yunwa da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga su ma suna taɓa ƙwaƙwalwa. Haka rashin barci, domin ɗan firamare yana bukatar awa 9 zuwa 12. Wani kuma kunnensa ne ke ruwa, ba ya jin malam sosai.

Bulala tana sa yaro tsoro, ba ta sa linzamin bayan goshi ya yi ƙwari. Abin da ya fi aiki shi ne a kira sunansa, ya kalle ki, ki ba shi aike ɗaya, ya maimaita da bakinsa. In ya iya, gobe a ƙara na biyu. A raba masa karatu guntu-guntu, ya miƙe ya ɗebo ruwa a tsakani. A roƙi malam ya zaunar da shi gaba, nesa da ƙofa. In ya yi daidai a yaba nan take, kada a bari sai dare. Dara da carafke da kacici-kacici duk horon linzami ne, kuma ba a biyan ko sisi.

Idan yaro yana ƙurewa da ido na 'yan daƙiƙoƙi ba ya amsa kira, ko ya manta abin da ya iya a da, ko gidanku na kusa da wurin niƙa dutse, a kai shi asibiti, a tambaya ko za a gwada jininsa. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura.

Aikin gida: a rubuta kalmomin nan sau 3 a littafi: goshi, ƙeya, dalma, natsuwa. Sannan kowa ya gwada aike ɗaya-ɗaya da yaronsa har kwana 7, ya ja layi a takarda duk ranar da yaron ya dawo da abin da aka aike shi. A zo da takardar ranar Asabar.