Yadda Malamin Firamare Zai Koyar da Yaro Mai Larurar Gani a Cikin Aji

Aikin farko da ke gaban malami idan aka kawo masa yaro mai larurar gani shi ne ya gano iya abin da yaron yake gani, domin ba kowane mai wannan larura ne makaho ɗungurungum ba. Akwai wanda yake karanta manyan haruffa idan ya kusanto da takarda fuskarsa, akwai wanda haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Malami ya tambayi iyaye, ya tambayi yaron, sannan ya nace a kai shi asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, saboda yanar ido akan cire ta da tiyata, wani yaron kuma tabarau kawai yake bukata.

Mai sauran gani a zaunar da shi a gaba, inda hasken taga ba zai doki idonsa ba, a kuma yi masa rubutu manya-manya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bakin malamin. Duk abin da ya rubuta a allo ya furta shi, kuma ya daina cewa "wannan" ko "wancan" yana nuni da yatsa, ya ambaci abin da sunansa. Idan zai yi wa yaron tambaya ya fara kiran sunansa. Abin da ake nunawa da hoto a mayar da shi abin taɓawa: ƙidaya da tsakuwa ko ƙwallon dabino, taswira kuma da zare manne a jikin kwali.

Sai dai sauraro kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne nake ganin ana yi wa waɗannan yara babbar asara. Yaron da ake karanta wa komai zai haddace darasi, amma ba zai san yadda ake rubuta kalma ba. Dole ya koyi rubutun makafi, wanda Bafaranshe Louis Braille ya wallafa a 1829. Kowane harafi ana gina shi daga ɗigo shida masu tudu, uku a hagu uku a dama, waɗanda ke ba da siffofi 63. Da ƙaramin allon rubutu da tsinkensa yaro yake huda takarda mai kauri daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake rubutun Larabci, sannan ya juya ta ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Malamin da bai iya ba ya nemi taimakon makarantu na musamman, irin ta Gindiri a Jihar Filato da aka kafa a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano. Manhajojin da ke karanta rubutu da murya, wato TalkBack a waya da NVDA a kwamfuta, kyauta ne kuma suna da amfani ƙwarai, amma su biyo bayan koyon rubutun.

Tun makon farko a zagaya da shi makarantar lokacin da babu hayaniya, ya san ƙofar aji, hanyar banɗaki da inda kwata take, kuma kada a sauya wurin benci ba a faɗa masa ba. Ɗalibai su riƙa karɓa-karɓa wajen raka shi, amma kada a mayar da ɗaya ɗan jagoransa na dindindin.

Lokacin jarrabawa a ba shi ƙarin lokaci, domin karatu da yatsa ya fi karatu da ido cin lokaci. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar masa da haƙƙin karatu, don haka shugaban makaranta ya sanar da hukumar jarrabawa larurar yaron tun ranar rajista, a tanadar masa takardar tambayoyi da rubutun makafi ko wanda zai karanta masa.