Darasi na 6: Ina Ruwan Rufinku Yake Zuwa?

Ran da aka yi ruwa, ku tsaya a bakin ƙofa ku dubi indararo. Abin da ke zubowa ya fi yadda ido ke zato. Da milimita ake auna ruwan sama. Milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. To, rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita 2,000. Durom goma ke nan masu cin lita 200, daga gida guda, a ruwa guda.

A gona, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa. A birni kuwa, kwano da siminti da kwalta ba sa shan ruwa. Duk sai ya kwararo kwata lokaci ɗaya. Ƙaramar kwata ta miƙa wa babba, babba ta bi ta kwalbati a ƙarƙashin titi, har ya isa rafi. In wuri ɗaya ya toshe, ruwa ba ya jira, gidan da ya fi kwari zai nufa.

Toshewa da kaɗan-kaɗan take farawa. Leda ta maƙale a bakin kwalbati, robar ruwa ta zo ta tsaya a kanta, yashi ya taru a bayansu, har ciyawa ta tsiro. Wanda ya zuba shara a kwata yana cewa ruwa zai tafi da ita, maƙwabcinsa na gangare ya aika wa.

Kafin ruwan farko ake yashe kwata. Ku haɗa kai da maƙwabta, ku fara daga gangare inda ruwa ke fita, ku yo sama, don abin da kuka motsa ya sami hanyar wucewa. Ku sa safar hannu da takalmin roba, saboda kwalba da ƙusa suna ɓoye cikin laka. Akwai kuskuren da ke ba ni takaici ƙwarai: a sha wahala a kwaso laka, a jibge ta a bakin kwata, ruwan gobe ya mayar da ita. Da zarar ta tsane, a kwashe ta a kai juji. Kada kowa ya shiga rufaffen kwalbati, iska mai guba na taruwa a ciki. Wannan aikin hukumar gari ne, ku kai mata rahoto.

In ambaliya ta riga ta shigo, ku kashe wutar gida, muddin za ku kai ga makunnin ba tare da kun taka ruwa ba. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 15 yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ku riƙe yara. Bayan ya janye, ku tafasa ruwan sha, don ambaliya na haɗa masai da rijiya, daga nan kwalara ke ɓulla. Ku kore duk ruwan da ya kwanta, domin sauro mako ɗaya zuwa biyu ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi.

Aiki: Ku auna tsawon rufinku da faɗinsa. Lita nawa zai zubo idan aka yi ruwan milimita 30? Ku bi kwatar ƙofar gidanku da ƙafa, ku rubuta inda ta ƙare.