Yadda Ake Gyara Sitiyarin Tsohuwar Mota Idan Ya Yi Tauri

Da yawa daga cikin motocin da muke hawa a Zariya sun kwana biyu: Peugeot 406, Golf 3, da su Camry da Accord na farkon shekarun 2000. Duk waɗannan da mai sitiyarinsu yake aiki, kuma ranar da ya yi tauri mai mota zai ji a jikinsa, musamman idan ya zo shan kwana a lungunan cikin Birni ko zai fita daga cunkoson kasuwar Sabon Gari. Abin da ke damuna shi ne saurin da ake yi a ce "famfo ne" ko "rak ne" (wato ƙarfen da ke tura tayoyin gaba idan an juya sitiyari), a tura mutum neman kayan Beljiyam, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce iskar taya, bel, ko man da ya lalace ba. Don haka a bi abin daki-daki, a fara da wanda ba ya cin kuɗi.

Kafin komai, buɗe bonet ka nemi ɗan tankin man sitiyari, galibi akwai hoton sitiyari a murfinsa. Idan babu shi sam, irin Corolla ta 2009 zuwa sama, to sitiyarinka na lantarki ne, aikin mai wayarin ne, a duba fiyus da batir da altaneta. Idan akwai tankin, ga yadda abin yake: inji yana juya famfo ta hanyar bel, famfo ya tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa rak, man ya taya hannunka tura tayoyi, sannan ya komo tanki ta wani tiyon. Duk inda aka samu cikas a wannan zagayen, nauyin zai dawo kafaɗarka.

Mataki na farko ba ya buƙatar sifana. Ka lura da irin taurin, domin kowanne da abin da yake nunawa. Idan da safe ne kawai, musamman da hunturu, sai ya saki bayan mota ta ɗumama, to mai ne ya tsufa ko rak ya fara gajiya. Idan yana tauri lokacin da kake tsaye amma ya yi laushi da zarar ka ɗan taka totur, bel ne ke zamewa ko famfo ya rage ƙarfi. Idan kuwa kana juyawa ya cije, ya saki, ya sake cijewa, wannan ba zancen mai ba ne, za mu zo kansa. Kashe rediyo kuma ka saurara: ƙugi daga gaban inji yana nufin mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga, ƙara mai tsini kuwa idan ka kai sitiyari ƙarshe ta bel ce.

Daga nan sai wurin mai faci. Tayar gaba da ba ta da isasshiyar iska tana baje a ƙasa ta ƙara wa sitiyari nauyi. Yawancin ƙananan motoci suna son 30 zuwa 33 a gejin mai faci, amma ainihin adadin galibi yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A gwada da geji tun tayar ba ta yi zafi ba, ba a buga mata ƙafa ba.

Yanzu sai mai, kuma a nan ne aka fi samun matsala. Ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka goge kewayen murfin da tsumma kafin ka buɗe, don ƙurar da ta taru a wurin kada ta faɗa ciki. Wani tankin ana ganin man ta jikinsa tsakanin layin MIN da MAX, wani kuma akwai 'yar sandar awo a manne da murfin. Ɗiga ɗan kaɗan a kan farar takarda. Idan motarka da man giya sitiyarinta yake aiki, mai kyau ja ne garau kamar zoɓo. Idan ka ga ya yi baƙi, yana warin ƙuna, ko kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a cikinsa, ya gama aiki. Idan kuma yana kumfa, iska ce ke shiga ta wani wuri.

Kada ka zuba duk man da aka miƙo maka. Tsofaffin Toyota da man giya nau'in Dexron suke aiki, kuma za ka ga an rubuta hakan a murfin. Honda ba ta yarda da shi ba, tana da nata man sitiyarin na musamman, wanda aka rubuta a jikin robar cewa na Honda ne. Wanda ya ɗura mata jan man giya zai iya jin shiru na ɗan lokaci, daga baya famfo ya fara kuka, sil (robar da ke hana mai fita) ya fara zuba. Golf 3 kuwa nata kore-kore ne, mai lamba G 002 000, ko G 004 000 da ya maye gurbinsa. Abin da murfi ko littafin motar ya faɗa shi ne magana. Man birki kuma ko da wasa kada ya shiga tankin nan, domin kumbura robobin cikin famfo da rak yake yi, gyaran da zai biyo baya ba ƙarami ba ne. Baƙin mai na inji ma ba wurinsa ba ne.

Idan ka tarar man ya yi ƙasa, ka cika, amma ka sani man sitiyari ba ya ƙonewa, zuba yake yi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar ta kwana a kai, da safe ka ga inda ya ɗiga. Bi tiyo biyun da hannu, inji a kashe. Na komawa tanki, wanda aka ɗaure da kilif, roba ce kawai da zafi ke busarwa ta tsage, canza ta ba wuya. Na tafiya daga famfo zuwa rak kuwa wani abu ne daban: ƙarfin man da ke cikinsa yakan kai 70 zuwa 100 a ma'aunin matsi na "bar", saboda haka ɗaure shi da robar tiyub ko kilif ɓata lokaci ne, kuma idan ya fashe ya fesa mai a kan salansa mai zafi wuta na iya tashi. Sai dai a canza shi, ko a kai wa masu matse bakin tiyo da na'ura. Masu Accord ta 2003 zuwa 2007, waɗanda ake kira EOD da DC, su duba ɗan zoben robar da ke bakin famfo inda tiyon tanki ya shiga. Idan ya bushe ba lalle ya zubar da mai ba, iska yake zuƙa, motar ta riƙa ƙugi da sanyin safiya. An sha canza famfo mai lafiya saboda wannan 'yar robar.

Bel kuma sai an kashe inji an zare makulli ake taɓa shi. Danna tsakiyarsa da babban yatsa: idan ya lotsa fiye da santimita 1, ya yi sako-sako. Juya cikinsa ka gani, idan ya tsattsage ko ya yi santsi yana sheƙi, ƙara masa ɗauri ba zai yi ba, sabo za a sa. Wanda mai ya jiƙa shi ma haka, kuma sai an toshe inda man ke fitowa. Da damina idan ka ratsa ruwa sitiyari ya ƙage na ɗan lokaci sannan ya dawo, bel ɗin ne ke gaya maka ya kusa. Kada kuma a ɗaure shi tamau, yana cinye boris ɗin famfo. Duk lokacin da za ka leƙa inji yana aiki, tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun kaftani.

Idan man ya yi baƙi, canza shi aiki ne da za ka iya yi a ƙofar gida. Ka tanadi lita 1 zuwa 2 na man da ya dace, babban sirinji da ɗan siririn tiyo a bakinsa, da tsohuwar gorar ruwa. Zuƙe na cikin tankin tas. Haska tocila a gindinsa, akwai 'yar raga a nan a motoci da yawa, kuma idan datti ya toshe ta famfo ba ya samun isasshen mai ko da tankin cike yake. In ta toshe, a cire tankin a wanke, a bar shi ya bushe sarai, in ba ta wankuwa a nemi wani. Sannan ka zuba sabon mai, ka tada mota, ka juya sitiyari dama da hagu na minti biyu, ka kashe, ka sake zuƙewa. Maimaita sau uku ko huɗu har launin ya washe.

Abin da ya rage shi ne fitar da iska, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan tayoyin baya, a ɗaga gaban motar har tayoyin biyu su bar ƙasa, a tokare da abin tokara na ƙarfe ko katako mai kauri. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Inji a kashe, murfin tanki a buɗe, ka juya sitiyari a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu kamar sau 20, wani yana kallon tankin yana ƙara mai kada ya ƙafe. Za a ga kumfa tana tasowa. Idan ta daina, tada inji ka maimaita. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, a nan ne famfo ke shan wahala mafi tsanani, mai ya yi zafi. In har yanzu akwai kumfa, kashe ka ba shi rabin sa'a ya kwanta.

Tunda gaban yana sama, kada a sauke sai an yi wannan gwajin. Inji a kashe, tayoyi a sarari, ya kamata sitiyari ya juya sumul daga farko har ƙarshe. Idan ka ji yana cijewa a wasu wurare, leƙa ƙasan sandar sitiyari, tsakanin ƙafafun direba da rak, akwai wata gaɓa mai kama da gicciye. Ruwan damina da ƙura suna sa ta tsatsa ta ƙage. A fesa mata man kwance tsatsa a yi ta juyawa. Idan ta saki an gano mai laifi, sai dai sakin na ɗan lokaci ne, canji ne maganinta. Idan ba ita ba ce, a sa bakanike ya cire tayarod, wato sandar da ke haɗa rak da taya, daga tayoyin biyu. Tayar da ta ƙi juyuwa da hannu, boljoyin ɗinta ne ya bushe ko boris ɗin saman shokazoba. In tayoyin sun juya lafiya amma sitiyari na nan da taurinsa, to yanzu ne zancen rak ya taso. Babu laifi ka ce masa, "Malam, don Allah kafin a kwance famfon nan a raba tayarod mu gani." Bakanike mai sanin aikinsa ba zai ji haushi ba, ƙila ma ya riga ka faɗa.

Matsa robobin da ke rufe gefuna biyu na rak. Idan mai ya tsiyayo, sil ɗin ciki ya mutu. Idan sun yage ne kawai, a canza su da wuri, domin ta nan ƙasa ke shiga ta goge ƙarfen.

Famfo ne kaɗai ya rage idan mai sabo ne, babu iska, bel daidai, ƙasan mota lafiya, amma sitiyari ba ya laushi sai ka taka totur, ƙugin kuma bai daina ba. Ko a Sabon Gari za ka saya ko ka gangara Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu a gwada su baki da baki. Juya fulin da hannu, kada ka ji kakare ko girgiɗi, kuma ku yi magana a kan mayarwa tun kafin ka biya. Kada a ɗaura shi a kan tsohon mai, domin garin ƙarfen da na farko ya bari zai cinye na biyu. A wanke tanki, a canza mai, a fitar da iska kamar yadda aka yi a sama. Idan kuwa rak aka canza ko aka taɓa tayarod, daga gareji sai wurin alaimen kai tsaye, kafin motar ta hau hanyar Kaduna ko Kano.