Masu shirin zuwa Agadas, ga shawara kan masauki

Jama'a, duk mai zuwa Agadas yawon buɗe ido, ya nemi masauki a tsohon gari, kusa da babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, tsawonta mita 27. Daga nan fadar Sarkin Abzin da ƙafa za ka je. Ni dai na fi son ɗakin laka a kan na siminti. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, amma katangar laka mai kauri kan riƙe sanyi har azahar. Kafin ka biya, tambayi mai gida ko akwai tankin ruwa da sola, ko kuma za a bar ka ka kwana kan soro. In Disamba ce, ɗauki bargo, sanyin asuba a can ba wasa ba.